Ɗigo a Kan Ruwa

Ni Barmo, ɗan magini, mai shimfiɗa tayil a Rafukka,
ruwan da na sani mafi girma shi ne na Zobe,
shi ma sau ɗaya, daga bayan a-kori-kura.
Amma wata uku cur abincina na bisa teku.

Hajiya Yalwa ce ta jawo mini.
Shekara talatin da biyar tana karɓar haihuwa a asibiti.
Da aka ba ta kuɗin sallama
ta ce ɗakin haihuwa za ta gina wajen Ƙofar Marusa,
mai daɓen da jini ba ya kama shi.
Ta haɗa hannu da 'yan kasuwa biyu, suka cika kwantena:
nasu kwanon rufi da ƙofofin ƙarfe,
nata kwali ɗari huɗu, fari sol, daga ƙasar Sin.

Kullum bayan la'asar jikanta Abashe ya zo da waya,
ya nuna mini ɗigo a tsakiyar shuɗi.
"Ga jirginku nan, Baba."
Ƙwayar gero ta fi shi auki.
In ce, yaro, cikin wannan aka zuba ƙofofi?
Ya yi dariya.
Kashegari ɗigon ya matsa faɗin farce.

Na jiƙa yashi, ya bushe.
Na auna ɗakin har igiya ta haddace kusurwa.
Siminti buhu goma ya gaji da jira, ya koma dutse.
Mai shagon layinmu ya buɗe mini sabon shafi.

Ɗigo ya iso Ikko, muka yi wa juna barka.
Ashe isowa daban, fitowa daban.
Kwastan na son takarda,
takarda na son hatimi,
mai hatimi ya tafi hutu.
Tashar ruwa kuwa tana lissafin kuɗin kwana
sai ka ce baƙo muka ajiye a masauki.
Dala ta hau, ba ta waiwayo ba.
Hajiya ba ta faɗa wa kowa ba,
ni dai na ga hannunta babu awarwaro.
"Na saba," in ji ta. "Naƙuda ba ta da agogo."

Ranar wata Laraba tirela ta toshe lungu,
da jar ƙasar Jebba a ƙafafunta.
Aka datse ƙarfen bakin, aka ja ƙyaure.
Wani wari ya fito, gishiri da tsatsa da danshi.
Na tsaya na shaƙa sosai.
Rabona na teku ke nan.

A jikin kwalin farko akwai sawun hannu,
yatsu biyar, ba su kai nawa ba.
Wani ya ɗaga shi can, da nasa ciwon bayan.
Na ɗora tafina a kai kafin in sauke.

Kwali sittin da ɗaya suna ƙara kamar caki.
Igiyar ruwa ce ko ramukan hanya?
Babu mai amsawa.
Na ce, inshora fa?
Abashe ya duƙar da kai yana kallon takalminsa.

Hajiya ta zauna kan bulo, ta yi shiru.
Sai na tuna ubana, wanda bai taɓa jiran jirgi ba.
Kududdufin bayan gida ke ba shi ƙasa,
ya kwaɓa, ya yaɓa, ya yi ado da ɗan yatsa.
Na ce kada a zubar da ko tsingaro ɗaya.

Masu lafiya na shimfiɗa su ciki, inda za a durƙusa.
Fasassun na kai baranda,
ina jera su baki da baki, kwana tara,
yatsuna duk yanka,
har suka yi wani zane da ban san sunansa ba.
Nan maza za su yi ta kai da kawo
suna jiran kukan farko.
Gara su sami abin kallo a ƙasa.

Jiya Abashe ya sake nuna mini wayar.
Ɗigon ya juya, ya yi nisa,
wani can ya fara jiƙa nasa yashin.